Bitar tashar Veritasium: kimiyyar da ke farawa da kuskuren mai kallo

Idan mutum ya jefa lemo sama, a daidai lokacin da lemon ya bar hannunsa yana kan hawa, wane ƙarfi ne ke aiki a kansa? Shekaru da dama ke nan ina yi wa ɗalibaina na babbar sakandare wannan tambaya kafin mu shiga dokokin motsi na Newton, kuma amsar da akasarinsu ke bayarwa ba ta canzawa: ƙarfin hannu ne ya saura a jikin lemon yana tura shi sama, yana raguwa a hankali, idan ya ƙare sai lemon ya juyo. Amsa ce mai daɗin ji, ta kuma dace da abin da ido ke gani, amma kuskure ce. Da zarar lemon ya rabu da tafin hannu, in aka ajiye ɗan tirjiyar iska gefe guda, babu abin da ke aiki a kansa sai ƙarfin da ƙasa ke janyo abubuwa da shi, kuma wannan ƙarfi ƙasa yake fuskanta tun daga hawa har zuwa sauka. Abin da ya fi ba ni takaici a farkon aikina shi ne, zan tsaya gaban allo in yi wannan bayani dalla-dalla, yara su gyaɗa kai su rubuta, in tambaya ko an gane su amsa da murya ɗaya, sannan a jarrabawar ƙarshen zango su dawo mini da tsohuwar amsarsu kamar ban taɓa buɗe baki ba. A kan wannan matsala aka gina tashar Veritasium da ke YouTube, shi ya sa na ga ya dace in auna ta da mudun da mai ita ya yanka da hannunsa.

Derek Muller ne ya buɗe tashar a 2011. An haife shi a Ostareliya a 1982, ya tashi a birnin Vancouver na Kanada, ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Queen's, sannan ya koma Jami'ar Sydney inda ya kammala digirin digirgir a 2008. Sunan tashar ya samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin gaskiya, aka liƙa mata irin ƙarshen da sunayen sinadarai ke ɗauka, don ta yi kama da wani sinadari a jadawalin da ɗalibai ke haddacewa. Masu bibiyarta a yau sun haura miliyan 15, kallonta kuma kyauta ne ga duk mai waya da data. Abin da ya bambanta Muller da sauran masu irin wannan sana'a shi ne, digirinsa na digirgir a kan wannan sana'ar ya yi shi: ya binciki yadda za a tsara bidiyo ta yadda mai kallo zai koyi fiziks da gaske.

Binciken ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne mabuɗin komai. Muller da abokan aikinsa, ciki har da Manjula Sharma wadda ta duba aikin nasa, sun ɗauki ɗaliban ajin farko na jami'a, suka yi musu gwaji kan dokokin Newton, suka nuna musu gajeren bidiyo, sannan suka sake gwada su. Wasu sun kalli bayani tsantsa, mai tsari, ba kwana-kwana, irin wanda kowane malami zai yi alfahari da shi. Wasu kuma sun kalli bidiyon da aka sa ɗalibi yana faɗin irin kuskuren da mutane suka saba yi, malami yana ja da shi har su kai ga amsa. Da aka tambayi rukunin farko ra'ayinsu, sai suka yaba bidiyon, suka ce a fili yake kuma mai sauƙin fahimta ne, tabbacin da suke da shi kan amsoshinsu ma ya ƙaru. Amma kamar yadda Muller ya bayyana da bakinsa a wani bidiyo na 2011, matsakaicin makinsu ya tashi ne daga 6.0 zuwa 6.3 cikin 26, wato kusan bai motsa ba. Rukunin da ya kalli muhawarar kuwa, sun koka cewa bidiyon ya rikita su, amma makinsu ya kusa ninkawa, ya kai wajen 11. A hirarrakin da ya yi da wasu daga rukunin farko, ya tarar suna tuna cewa bidiyon ya faɗi abin da su suka riga suka yi imani da shi, alhali kishiyarsa ya faɗa. Dalilin da ya bayar shi ne, wanda ya ɗauka ya riga ya san abu ba ya sauraro da cikakken hankali, sai ya tsinci kalmomin da ya saba ji ya jera su a kan tsohon tunaninsa, ya tashi yana yi wa rogo kallon kitse. Ranar da na fara jin wannan bayani, ajina na gani a gabana.

Wannan sakamako yana da 'yan'uwa a fagen nazarin yadda ake isar da kimiyya ga jama'a. A 1985 ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society a Birtaniya ta fitar da rahoton kwamitin Walter Bodmer, wanda ya zaburar da masana su fito su wayar da kan mutane, kuma tunanin da ya yi rinjaye a wancan zamani shi ne jama'a tamkar tulu ne da babu komai a ciki, aikin masani shi ne ya zuba. Brian Wynne na cikin waɗanda suka rusa wannan tunani da nazarinsa kan makiyayan tumaki na tsaunukan Cumbria da ke Ingila bayan hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl na 1986. Masana sun ce haramcin sayar da tumakin da gurɓataccen ruwan sama ya shafa na makonni uku ne, sai ya ɗauki shekaru, saboda lissafinsu ya dogara da irin ƙasar da ba ita ce a tsaunukan ba, kuma ba su ɗauki sanin da makiyayan ke da shi kan filayensu da dabbobinsu a bakin komai ba. Aikin Muller ya nuna ɓangaren aji na wannan magana: mai sauraro yana zuwa da tulunsa cike, kuma duk wanda ya zuba ba tare da ya leƙa abin da ke ciki ba, a ƙasa zai zubar.

Bidiyoyin shekarun farko sun bi wannan darasi sau da ƙafa, kuma har gobe su ne na fi so. Muller zai fita titi da makirufo ya tare mutane da tambaya, ya bar su su faɗi abin da suke zato, sannan a gwada. Akwai wanda ya yi da masanin fiziks Rod Cross a kan abin wasan yaran nan na wayar da aka nannaɗe kamar sufirin, wanda ake kira Slinky. A riƙe saman abin, a bar shi ya miƙe yana reto har ya tsaya cak, sannan a saki. Me zai faru da gindinsa? Kusan kowa zai ce zai faɗi nan take, wasu su ce zai yi sama. Da aka rage gudun hoton, sai ga gindin tsaye a iska ba abin da ke riƙe da shi, saman yana rugujowa yana tattaruwa, har sai da ya iso kansa sannan suka faɗi tare. Dalili shi ne, kafin a saki, jan da wayar ke yi wa gindin zuwa sama ya yi daidai da jan da ƙasa ke yi masa, kuma wannan daidaito ba ya gushewa sai labarin sakin ya gangaro ta jikin wayar ya iso ƙasa. Dukan abin bai kai rabin daƙiƙa ba. Gani ya kori ji, amma ganin yana da wannan tasiri ne saboda an sa mai kallo ya yi hasashe tukuna, ya kuma ji kunyar hasashen nasa.

Wani na 2014 ya fi wannan sauƙi, don ko kayan gwaji ba ya buƙata. Muller ya ba mutane lambobi uku, 2 da 4 da 8, ya ce akwai doka a ransa da lambobin suka bi, kowa ya kawo nasa lambobi uku, shi kuma zai faɗa ko sun bi dokar ko ba su bi ba. Wasan ya samo tushe daga gwajin da masanin halayyar ɗan Adam Peter Wason ya wallafa a 1960. Na gwada shi a ɗakin malamai a lokacin tara, da abokan aiki huɗu, biyu daga cikinsu malaman lissafi. Na farko ya ce 16, 32, 64, na ce sun bi. Na biyu ya ce 5, 10, 20, na ce sun bi. Sai suka haɗa baki cewa dokar ninkawa ce, na ce a'a. Wani ya kawo 100, 200, 400, wani ya kawo 3, 6, 12, duk ina cewa sun bi, su kuma suna ƙara fusata, har ɗaya ya ce, "Malam, kai dai wasa kake mana da hankali." Shayinsu ya huce kafin malamar Hausa da ke gefe tana duba littattafai, wadda ba ta ma cikin wasan, ta ɗago ta ce, "To, 9, 5, 1 fa?" Na ce ba su bi ba. Cikin minti ɗaya suka gano dokar: kowace lamba ta fi wadda ta gabace ta girma, shi ke nan. Mutum yana ta kawo misalan da za su gaskata zatonsa, alhali misalin da zai iya ƙaryata shi ne kaɗai ke ɗauke da sabon labari. Ban san wata hanya da ta fi wannan saurin nuna wa ɗalibi abin da ake nufi da gwada hasashe a kimiyya ba.

A ɓangaren lissafi tashar ta yi ƙarfi ne daga baya, kuma aikin zanen da ake yi a ciki yana da kyau ƙwarai. Bidiyon 2021 kan matsalar da ake jingina wa Lothar Collatz misali ne. Ɗauki kowace lamba, in cika ce ka raba ta biyu, in mara ce ka ninka ta uku ka ƙara ɗaya, ka ci gaba da haka. Lamba 7 tana kaiwa ga 1 bayan taki 16. Lamba 27 kuwa sai ta haura har 9,232 kafin ta sauko, bayan taki 111. An gwada lambobi masu yawan gaske da kwamfuta, duk sun sauko kan 1, amma har yau babu wanda ya tabbatar da hujja cewa kowace lamba haka za ta yi, ko da yake masanin lissafi Terence Tao ya matsa kusa a 2019. Yaron aji shida na firamare zai iya buga wannan wasa a bayan littafinsa, kuma ta nan zai fara jin bambancin da ke tsakanin misalai masu yawa da hujja. Haka kuma bidiyon da ya ba da tarihin warware lissafin da ke da lambar da aka ninka da kanta har sau uku a Italiya ta ƙarni na 16, da rigimar masana lissafi Tartaglia da Cardano, ya nuna yadda magabata ke kammala murabba'i da zane na zahiri. Idan murabba'in wata lamba da ninkinta 26 sun ba da 27, sai a zana murabba'i, a raba 26 gida biyu a liƙa masa falle biyu masu faɗin 13 a gefuna biyu, a cike kusurwar da ta rage da ƙaramin murabba'i mai faɗin fili 169. Jimilla ta zama 196, gefenta 14, a cire 13 saura 1. Na shekara da shekaru ina koyar da wannan a matsayin matakan da ake haddacewa, ban taɓa zana murabba'in da ake cewa a kammala ba.

Abu na biyu da nake yaba wa tashar shi ne yadda take ɗaukar gardama a bainar jama'a. A 2021 Muller ya tuƙa wata mota mai suna Blackbird, wadda ba ta da inji sai wata ƙatuwar farfela a bayanta da aka haɗa da tayoyi, ya ce tana iya bin iska kai tsaye ta kuma fi iskar gudu. Motar, wadda Rick Cavallaro ya jagoranci ƙera ta, ta riga ta kafa tarihi a 2010 da gudun da ya ninka na iska sau 2.8. Farfesa Alexander Kusenko na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya ce bayanin ba daidai ba ne, suka sa dala 10,000 a tsakani, fitattun masu yaɗa ilimin kimiyya Neil deGrasse Tyson da Bill Nye suka zama shaidu. Muller ya dawo da bidiyo na biyu, da ƙaramin samfurin da Xyla Foxlin ta ƙera aka ɗora a kan injin gudun motsa jiki, da lissafin da ke nuna cewa tayoyi ne ke juya farfela, farfelar kuma tana tura iska baya, motar tana cin moriyar bambancin gudu tsakanin iska da ƙasa. Kusenko ya amince ya biya. Ba na sha'awar sa kuɗi a kan gardama, kuma da an yi ba tare da shi ba da ya fi mini, amma miliyoyin mutane sun ga farfesa ya ja, an kawo hujja, ya sauko, abin da littafin aji ba ya nunawa.

Inda na fi samun abin cewa shi ne bidiyon lantarki na Nuwamba 2021. Tambayar ita ce: ga batir, ga makunni, ga ƙwan fitila a tazarar mita ɗaya, amma wayoyi biyun da suka haɗa su kowace tsawonta kilomita 300,000 ne, wato tafiyar haske ta daƙiƙa ɗaya. In an kunna, yaushe ƙwan zai kama? Muller ya ce kusan nan take, cikin lokacin da haske ke ɗauka ya ratsa mita ɗaya, saboda makamashin lantarki yana tafiya ne ta filin lantarki da maganaɗisu da ke kewaye da waya, kamar yadda John Henry Poynting ya nuna a 1884. Maganar filin gaskiya ce, kuma kuskuren da ya so ya kawar, wato zaton cewa ƙwayoyin lantarki ne ke ɗauko makamashi daga tashar wuta su kawo gida kamar masu ga-ruwa, kuskure ne da ya yaɗu har a tsakanin malamai. Sai dai injiniyoyi da dama sun yi ca, suka ce abin da ke isa ƙwan a wannan ɗan lokaci wani kaso ne kawai, cikakken ƙarfin sai saƙon ya zagaya wayar, kuma bidiyon bai fayyace wannan ba. Wasu masu tashoshi sun shimfiɗa doguwar waya suka auna da kansu. A Afrilu 2022 Muller ya fitar da bidiyo na biyu, ya amsa cewa bayaninsa na farko ya haifar da ruɗani, ya yi gwaji na zahiri, ya kuma yi bayanin cajin da ke taruwa a fatar waya, wanda shi ne ya ɓace a karon farko. Na biyun ya fi na farko nesa ba kusa ba. Amma a ra'ayina wannan lamari ya tona iyakar salon da kansa. Rikita mai kallo yana da amfani ne idan an warware rikicin kafin a sallame shi. Wanda ya kalli na farko bai kalli na biyu ba, yana iya tashi da sabon kuskure, cewa waya ba ta da wani aiki, ya kuma riƙe shi da tabbacin wanda ya ji daga bakin masani. A gwajin Sydney an rikita ɗalibai ne a kan abin da amsarsa ke nan a ƙarshen minti goma, ba a bar su da tsugune ba ta ƙare ba.

A 'yan shekarun nan tashar ta sauya kama. Bidiyoyin sun yi tsawo, da yawa sun haura rabin awa, an rage fita titi, an ƙara labarin tarihi da zane mai motsi, ma'aikata sun yawaita, wasu sababbin fuskoki ma suna gabatarwa. Wasu daga cikin waɗannan suna da daraja sosai. Na Fritz Haber, wanda ya gano yadda za a haɗa sinadarin amoniya daga iskar naitirojin, tushen takin zamanin da manomanmu ke layi a kansa kowace damina, kuma shi ne ya jagoranci amfani da iskar kulorin mai guba a Ypres ta ƙasar Beljiyam a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, labari ne da ya kamata kowane ɗalibin kimiyya ya ji. Haka na Shuji Nakamura da ƙwan LED mai shuɗin haske, wanda ya kai shi ga kyautar Nobel ta 2014 tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano, kuma daga gare shi ne farin hasken tocilan da fitilun sola da ke gidajenmu ya samu. Tambayar da nake yi ita ce ko wannan sabon salo bai koma irin bayanin nan mai santsi da binciken 2008 ya yi gargaɗi a kansa ba. Akwai binciken Shannon Harp da Richard Mayer na 1998, inda suka ƙara labarai masu jan hankali, kamar na waɗanda tsawa ta faɗa wa, a cikin darasin yadda walƙiya ke samuwa, sai ɗalibai suka fi kasa tuna matakan da ake son su koya. A 2019 kuma Louis Deslauriers da abokan aikinsa a Harvard sun tarar ɗaliban fiziks sun fi jin sun ƙaru bayan lacca mai tsari daga ƙwararren malami, amma sun fi cin maki bayan darasin da aka sa su suka yi fama da tambayoyi da kansu. Ni ma na taɓa yin wannan kuskure da hannuna: na tara 'yan ƙungiyar kimiyya ta makaranta na kunna musu labarin Haber daga farko har ƙarshe ban tsayar ko sau ɗaya ba, ban kuma yi musu tambaya kafin mu fara ba. Bayan mako guda kowa na iya ba da labarin yaƙin da na matarsa, amma da na tambayi dalilin da ya sa haɗin ke buƙatar matsi mai tsanani, sai aka yi tsit. Laifina ne, domin na mayar da shirin tarihi darasin sinadarai ba tare da na yi aikin malami ba.

Sai batun take da talla, wanda zan taɓa a gurguje. Muller bai ɓoye ba, a wani bidiyo na 2021 ya bayyana cewa yana gwada take da hoton gaba daban-daban ya zaɓi wanda aka fi latsawa, ya kuma ba da hujjar cewa darasin da ba a buɗe ba bai koyar da kowa ba. Na yarda da rabin hujjar. Amfanin salon a fili yake a bidiyon baƙaƙen ƙwallayen roba miliyan 96 da aka zuba a tafkin ruwan sha na Los Angeles: hoton ne ke janyo mutum, amma yana fita da sanin cewa babban dalilin shi ne tare hasken rana don kada ya haɗu da sinadaran cikin ruwan ya haifar da buromet mai illa, rage ƙafewar ruwa kuma ƙarin riba ce. Illarsa a wurin malami ita ce take yakan canza, sai ka nemi abin da ka kalla bara da sunan da ka sani ka sha wuya, don haka gara a adana adireshin bidiyon. Yawancin bidiyoyin suna da mai ɗaukar nauyi da ake ambata a fili, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Idan tallar dabam take da darasin, ba ta dame ni ba. Inda ya kamata mai kallo ya buɗe ido shi ne idan kamfanin da ya biya shi ne kuma ake bayani a kansa, kamar bidiyon motoci marasa direba na 2021 da kamfanin Waymo ya ɗauki nauyi, wanda ya jawo suka a fili daga wasu masu sharhi.

Ga mai kallo daga ɓangarenmu, shingaye biyu ne. Na farko harshe: da Turanci ake gabatarwa, kuma ko da yake Muller yana magana a natse, ɗalibin da Turancinsa bai nuna ba zai buƙaci a kunna rubutun ƙasan hoto, a rage gudun bidiyon, ko malami ya riƙa tsayarwa yana fassarawa. Na biyu data: dogayen bidiyoyin suna cin ta, kuma rage ingancin hoto ƙasa da 360 yana sa lambobi da zanen lissafi su dushe har ba a iya karanta su. Abin da nake yi shi ne in sauke da dare lokacin garaɓasa, in zaɓi gajerun na shekarun farko don aji, in bar dogayen don kaina da ɗaliban da suka riga suka yi nisa. Tashar ba manhajar karatu ba ce, ba ta bin tsarin WAEC ko NECO, ba ta ba da aikin gida, kuma wanda ke neman shirin jarrabawa ya nemi wani wurin. Wanda za ta fi amfana shi ne malamin da ke son sanin irin kuskuren da ke zaune a kan ɗalibansa, da ɗalibin jami'a a fannin kimiyya ko injiniyanci, da duk baligin da ya bar fiziks a sakandare yana ganin haddar ƙa'idoji ce kawai.

Yadda ake kallo shi ne ke yanke hukuncin ko za a ƙaru. A 2004 Catherine Crouch da Eric Mazur da abokan aikinsu sun nuna cewa ɗaliban da suka kalli gwaji a aji hannu rungume ba su fi waɗanda ba su gani ba fahimta da wani abin kirki, amma waɗanda aka sa su faɗi abin da suke zaton zai faru kafin a gwada sun fi ƙaruwa. Saboda haka yanzu idan zan nuna bidiyon Slinky, ina jingine waya a kan tebur, yara su matso layi-layi, in tsayar da hoton daidai lokacin da hannu ke shirin saki. Kowa ya yagi 'yar takarda ya rubuta ɗaya daga cikin uku, gindin zai faɗi, zai hau, ko zai tsaya, ya sa sunansa, in karɓa in ƙirga a kan allo. Sannan in ba su minti biyar su yi musu a tsakaninsu, da Hausa in sun ga dama, don a nan ne ainihin abin da suke tunani ke fitowa. Bayan an kalla, ba na barin muryar Muller ta yi bayanin, sai in kashe sautin in ce wanda ya rubuta "zai faɗi" ya tashi ya gaya mana abin da ya riƙe gindin a iska. A zangon da ya wuce wata ɗaliba ta ce wayar Slinky ɗin ce ba ta riga ta gaya masa an sake shi ba, ajin ya fashe da dariya, ni kuma na rubuta maganarta a allo kamar yadda ta faɗe ta, muka gina sauran darasin a kanta.